Babi na Takwas: Sigina Mai Sunan Aro

Wata ranar Alhamis, saura kwana biyu a raba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa, shugaban wata makarantar sakandare da na rubuta wa manhaja ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Malam, na'urar nan taka ta yi mana tawaye. Da an danna ta sai ta rubuta wani Turanci ta mutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, karanto mini abin da ta rubuta."

Ya karanto da ƙyar, harafi bayan harafi: `Floating point exception`, sannan `core dumped`.

Na hau babur na tafi. Manhajar ƙarama ce, da harshen C na rubuta ta, tana aiki a kan wata tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da Linux. Aikinta bai wuce ta tara makin kowane darasi ta fitar da matsakaici ba. Abin da ya ɗaure mini kai a hanya shi ne, saƙon yana maganar lamba mai ɗigo, irin su 3.5 ko 0.25, ni kuwa na san babu irin wannan lamba ko ɗaya a cikin manhajar. Maki cikakkun lambobi ne, yawan ɗalibai ma haka. Na shafe fiye da awa guda ina neman inda kalmar `float` ko `double` ta ɓuya, ban samu ba. Ashe na bar jaki ina dukan taiki. A wannan zangon ne makarantar ta shigar da darasin Faransanci cikin jerin darussa, amma ba a samu malami ba, don haka babu ɗalibin da ya zauna jarrabawarsa. Manhajar ta iso kan layin da ke cewa `jimla / adadi`, ta tarar `adadi` sifili ne. An ce ta raba maki gida sifili. Nan ta faɗi.

Tun daga ranar na daina yarda da sunan wannan sigina.

Inda sunan ya samo asali

A babin da ya gabata mun ga cewa sigina ita ce hanyar da kanel, wato zuciyar tsarin Unix, ke bi ta taɓa kafaɗar manhaja tana tsakiyar aiki. Wadda muke magana a kanta sunanta `SIGFPE`, kuma lambarta 8 a Linux, da FreeBSD, da macOS. Idan manhaja ba ta tanadi komai ba, hukuncinta kisa ne, tare da ajiye hoton ƙwaƙwalwar manhajar a fayil ɗin da ake kira `core`. Shi ya sa in ka buga `echo $?` bayan faɗuwar za ka ga 136, domin shel yana ɗora lambar sigina a kan 128.

An yi Unix na farko-farko ne a kan na'urar PDP-11 ta kamfanin DEC, a shekarun 1970. A wannan na'ura, sashen lissafin lambobi masu ɗigo ne ke iya katse aiki idan lissafi ya ɓaci, don haka sunan ya dace da mai shi. Da Unix ya koma kan na'urar VAX, sai aka tarar ita ƙofa ɗaya ta tanadar wa duk kurakuran lissafi, na cikakkun lambobi da na masu ɗigo. Mutanen Berkeley masu gina BSD suka zuba su duka cikin sigina ɗaya, suna kuma ya zauna yadda yake. Ƙa'idar POSIX ta gyara bayanin, ta ce sigina ce ta aikin lissafin da ya kauce hanya, amma ba ta taɓa sunan ba, domin manhajoji da yawa sun riga sun dogara da shi.

A yau, a kan firosesa irin x86 ta Intel da AMD, lamarin ma juyewa ya yi. Kusan duk lokacin da ka ga wannan saƙo a manhajar da ba a yi mata wani shiri na musamman ba, cikakkiyar lamba ce aka raba gida sifili, ko aka nemi ragowarta da alamar `%`. Akwai kuma hanya ta biyu da ba kowa ya san ta ba. Mafi ƙanƙantar lambar da `int` mai bit 32 ke ɗauka ita ce -2147483648. In ka raba ta da -1, amsar ita ce 2147483648, wadda ta ɗara mafi girman abin da mazubin ke ɗauka da ɗaya tak. Firosesa ba ta da inda za ta sa amsar, sai ta ja birki iri ɗaya da na sifili. Masu gina rumbun bayanai na PostgreSQL sai da suka sa bincike na musamman a kan rabawa da -1 saboda wannan.

Kada kuma ka ɗauka ko'ina haka ne. Firosesar ARM mai bit 64, irin wadda ke cikin wayarka, in an raba gida sifili ba ta cewa uffan: sifili take bayarwa a matsayin amsa, ta wuce. RISC-V kuma tana cika dukkan bit da ɗaya. Da a ce manhajar makarantar nan a kan ARM take, da ba wanda ya kira ni. Da an buga wa iyaye takarda mai cewa matsakaicin makin Faransanci sifili ne. Harshen C bai yi alƙawarin komai a nan ba. A wurinsa raba cikakkiyar lamba gida sifili aiki ne da ba a fayyace sakamakonsa ba, kuma kwamfaila na da 'yancin ta share layin ɗungurungum in ta hango shi.

Su kuma masu ɗigon, shiru suke yi

To, me ke faruwa in ka raba 1.0 gida 0.0? Gwada ka gani. Ba sigina, ba faɗuwa. Manhaja za ta rubuta `inf`, wato mara iyaka, ta ci gaba da harkarta.

Wannan shiru da gangan aka tsara shi. Kafin 1985 kowane kamfanin kwamfuta da irin lissafinsa, har manhaja ɗaya kan ba da amsa biyu a kan na'ura biyu. Ƙa'idar IEEE 754 da ta fito a 1985 ita ta kawo ƙarshen wannan ruɗani. Jagoranta shi ne William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya taimaka wa Intel wajen tsara guntun lissafi na 8087 da ya fito a 1980, aka kuma ba shi lambar yabo ta Turing a 1989. An sabunta ƙa'idar a 2008 da 2019, amma ginshiƙinta na nan: kurakurai iri biyar, kowanne da amsar da za a bayar a madadinsa.

Na farko shi ne aikin da ba shi da ma'ana, kamar 0.0 gida 0.0, ko neman tushen murabba'in lambar da ke ƙasa da sifili. Amsarsa `NaN`, ma'ana "ba lamba ba". Na biyu raba lamba gida sifili, amsarsa mara iyaka. Na uku ambaliya, lokacin da amsa ta wuce abin da mazubi ke ɗauka. Ga `double`, iyakar tana wajen 1.8 sau 10 mai ƙarfin 308. Na huɗu ƙanƙancewa, lokacin da amsa ta matso sifili har daidaitonta ya fara zubewa, ƙasa da wajen 2.2 sau 10 mai ƙarfin -308. Na biyar rashin cika daidai, lokacin da aka ɗan datse amsa don ta shiga mazubi. Wannan na biyar kullum cikinsa muke: tara 0.1 da 0.2 ka ce a nuna maka duk lambobin, za ka ga 0.30000000000000004.

Hikimar ita ce, lissafi da yawa kan farfaɗo da kansa. In wani mataki ya ba da mara iyaka, mataki na gaba kuma ya raba 1 da shi, amsa ta dawo sifili, kuma sau da yawa ita ce daidai. Da an kashe manhajar a mataki na farko, da an yi asarar amsa mai kyau. Amma `NaN` ba ya farfaɗowa. Duk abin da ya taɓa sai ya mayar da shi irinsa: tara shi da biyar, `NaN`, ninka shi da sifili, `NaN`. Ko da kansa ba ya yarda ya zo ɗaya, domin `x == x` ƙarya yake bayarwa in `x` ya zama `NaN`. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na ga wannan da idona. Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin injiniyan ruwa ta zo ofishina da kwamfutarta a hannu, idanunta sun yi ja. Manhajarta ta Fortran tana kwaikwayon yadda ruwa ke malala a fadama bayan an buɗe madatsa. Awa goma sha ɗaya take ɗauka kafin ta gama, rabin lokacin kuma da janareta.

"Malam, sau uku ke nan ina kwana a kanta. Duba abin da take ba ni."

Fayil ɗin sakamako layi dubbai ne, kowane layi `NaN`. Manhajar ba ta faɗi ba, ba ta yi ƙorafi ba. Ta gama aiki lafiya lau ta miƙo shara. Tambayar da ke gabanmu ita ce, a cikin biliyoyin lissafin da aka yi a awa goma sha ɗaya, wanne ne ya fara ɓaci?

Tutoci: shaidar da ba ta gogewa

Ƙa'idar IEEE 754 ba ta bar mu a duhu ba. Kowane ɗaya daga kurakuran nan biyar yana da tuta a cikin firosesa. Da kuskure ya auku sai tutarsa ta tashi, kuma ba za ta sauka ba sai an sauke ta da hannu. A x86 mai bit 64, tutocin suna zaune a rajistar `MXCSR`. Ƙa'idar C ta 1999 ta ba mu hanyar duba su ta cikin `fenv.h`:

```c
feclearexcept(FE_ALL_EXCEPT);
lissafa_mataki();
if (fetestexcept(FE_INVALID | FE_DIVBYZERO | FE_OVERFLOW))
    /* wani abu ya baci a wannan mataki */
```

Ka sauke tutoci, ka yi aikinka, ka dawo ka duba. Babu sigina a ciki, babu katse aiki, kuma hanya ce da ke tafiya a kusan kowane tsari. Ƙa'idar C ta ce a sanar da kwamfaila da `#pragma STDC FENV_ACCESS ON` don kada ta sauya wa lissafi wuri ta tsallake da shi bayan binciken, sai dai GCC ba ta aiwatar da wannan umarni ba. Shi ya sa ya fi aminci a sa lissafin cikin wani aiki na daban da ake kira, kamar yadda aka yi a sama.

Tuta tana gaya maka cewa an yi ɓarna tsakanin nan da can. Ba ta nuna maka layin. In kana son kama ɓarawo da kaya a hannu, sai tarko.

Ɗana tarko

Kusa da kowace tuta akwai wani bit da ke toshe bakin kuskuren. Idan manhaja ta tashi a Linux, darajar `MXCSR` ita ce `0x1F80`, wato duk bakunan a toshe suke. In ka buɗe ɗaya, lokacin da kuskurensa ya auku firosesa ba za ta ba da amsar madadi ba. Za ta tsaya cak, ta kira kanel, kanel kuma ta aiko da `SIGFPE`. A nan ne kawai siginar ke cin sunanta.

Ƙa'idar C ba ta tanadi hanyar buɗe bakin ba, kowane tsari da tasa. A laburaren glibc na Linux akwai `feenableexcept`, wadda sai ka ayyana `_GNU_SOURCE` kafin ka same ta. FreeBSD ma na da ita. Solaris na da `fpsetmask`. macOS ba shi da `feenableexcept`, sai dai mutum ya taɓa rajistar ta hanyar `fegetenv` da `fesetenv`. Mai Fortran ya fi kowa hutawa, domin gfortran na karɓar umarni tun wajen haɗa manhaja.

Abin da muka yi wa ɗalibar nan ke nan. Muka sake haɗa manhajarta da `-g -ffpe-trap=invalid,zero,overflow`, muka tayar da ita a cikin `gdb`, manhajar bin sawun kuskure. Ba mu ƙarasa shan shayi ba ta tsaya. Layin da ta nuna yana neman tushen murabba'in `g*h`, inda `h` ke nufin zurfin ruwa. A bakin gaɓa, inda ruwa ke janyewa, zurfin ya kamata ya sauka zuwa sifili ya tsaya. Amma datse-datsen nan na kuskure na biyar ya sa ya zarce ƙasa da sifili da ɗan abin da ido ba ya gani. Tushen murabba'insa ya ba da `NaN` a gurbi ɗaya, gurbin ya shafa wa maƙwabtansa, su ma suka shafa wa nasu, kafin awa guda duk fadamar ta kamu. Gyaran layi ɗaya ne: in zurfi ya gaza sifili, a mayar da shi sifili. Ta dube ni ta ce, "Malam, wai wannan ne ya cinye mini man janareta na kwana uku?" Na ce shi ne.

Lura da cewa uku kawai muka buɗe. Wanda ya buɗe `FE_INEXACT` ba zai yi taku biyu ba manhajarsa za ta faɗi, domin ko 1.0 gida 3.0 yana tayar da shi. Ƙanƙancewa ma yawanci ba ta da illa. Akwai kuma wata dabara: `NaN` iri biyu ne, mai shiru da mai ƙara. Mai ƙara yana tayar da kuskure na farko cikin biyar ɗin nan da zarar an yi lissafi da shi. In ka cika mazuban da ba a ba su daraja ba da shi, kamar yadda `-finit-real=snan` ke yi a gfortran, tarkon zai kama duk layin da ya ɗebo daga mazubin da ba a zuba komai a ciki ba.

Mai tarbar sigina, da iyakar ikonsa

Wani lokaci ba ka son manhaja ta mutu ba wasiyya. Sai ka naɗa mai tarba, wato ɗan aikin da kanel za ta kira idan siginar ta iso. Kada ka naɗa shi da tsohuwar `signal`. Yi amfani da `sigaction` tare da `SA_SIGINFO`, domin ita ke ba ka bayani. A cikin `si_code` za ka ga irin laifin: `FPE_INTDIV` na cikakkiyar lamba, `FPE_FLTDIV` na mai ɗigo, `FPE_FLTOVF` na ambaliya, `FPE_FLTINV` na aiki mara ma'ana, da sauransu har takwas a ƙa'idar POSIX. A cikin `si_addr` kuma za ka ga adireshin umarnin da ya jawo abin.

```c
static void mai_tarba(int sig, siginfo_t *bayani, void *mahalli)
{
    const char *sako = "kuskuren lissafi\n";
    if (bayani->si_code == FPE_INTDIV) sako = "an raba gida sifili\n";
    if (bayani->si_code == FPE_FLTINV) sako = "an haifi NaN\n";
    write(2, sako, strlen(sako));
    signal(sig, SIG_DFL);
    raise(sig);
}
```

Dubi abin da ya yi: ya faɗi laifin, ya mayar da hukunci na asali, ya sake tayar da siginar don manhaja ta mutu ta bar fayil ɗin `core`. Bai kira `printf` ba, bai kira `malloc` ba, domin ba sa cikin ayyukan da POSIX ta amince a kira daga cikin mai tarba. `write` tana ciki.

Kusan kowane sabon hannu yakan yi tunanin da ni ma na yi a daren Alhamis ɗin nan: me zai hana mai tarba ya rubuta gargaɗi, ya koma, manhaja ta ci gaba? Na gwada. Allon ya cika da gargaɗi, layi na bin layi ba ƙaƙƙautawa, har na kashe ta da `kill -9`. Dalili shi ne, lokacin da firosesa ta tsaya, ba ta wuce umarnin ba. A kansa take tsaye. Da mai tarba ya koma sai kanel ta mayar da komai yadda yake, firosesa ta sake gwada rabawar, ta sake tarar da sifili, ta sake tsayawa. POSIX ta faɗa ƙarara cewa komowa daga mai tarbar `SIGFPE` da na'ura ta tayar abu ne da ba a fayyace sakamakonsa ba. Yin kunnen uwar shegu ma ba ya fisshe ka: in ka ce a yi watsi da siginar ko a tare ta, Linux za ta kashe manhajar duk da haka.

Hanyar tsira da ake bi ita ce tsalle. Ka kafa alama da `sigsetjmp` kafin lissafi mai haɗari, mai tarba kuma ya yi `siglongjmp` ya dira a can, ba tare da komawa kan umarnin ba. Tana aiki, amma da ramuka uku. Na ɗaya, sai ka ba `sigsetjmp` lamba ta biyu wadda ba sifili ba, in ba haka ba siginar za ta ci gaba da zama a tare, kuskure na gaba kuma ya kashe manhajar. Na biyu, a Linux kan x86 kanel tana ba mai tarba sabon yanayin lissafi mai toshe da bakuna. In ka yi tsalle daga ciki, da wannan yanayin za ka fita, tarkonka ya kwance ba ka sani ba, sai ka sake kiran `feenableexcept`. Na uku, duk abin da aka bari rabi da rabi, makulli da aka kama ko fayil da aka buɗe, haka zai zauna. A C++ kuwa, tsallake abubuwan da ke da aikin rushewa ya saɓa wa ƙa'idar harshen.

Akwai masu yin abin da ya fi wannan, su gyara rajistocin da kanel ta miƙo musu, su matsar da manunin umarni gaba. Injin HotSpot na Java a kan x86 haka yake tarbar `SIGFPE` ya mayar da ita `ArithmeticException`. Amma shi ya haifi umarnin da kansa, ya san tsawonsa da abin da ke kowace rajista. Kai kuwa ba ka san abin da kwamfaila ta yi da layinka ba. Python ma ta taɓa samun sashe mai suna `fpectl` don irin wannan aiki, aka cire shi a siga ta 3.7.

Sauran duwatsun kan hanya

Yanayin lissafi na kowane zare ne, wato `thread`, shi kaɗai. Sabon zare yana gadon na wanda ya haife shi, don haka ɗana tarko a farkon `main`, kafin a haifi kowa. Sigina kuma ga zaren da ya yi laifin take zuwa.

Tsohon sashen lissafi na x87, wanda manhajoji masu bit 32 da nau'in `long double` ke amfani da shi, ba ya ƙara nan take. Sai an iso umarnin lissafi na gaba yake kai ƙara, don haka adireshin da za ka gani na iya zama na layin da bai ji ba bai gani ba. Umarnin SSE, da manhajoji masu bit 64 ke amfani da su, su a kan mai laifin suke tsayawa.

A ARM, tarkon lambobi masu ɗigo zaɓi ne ga mai ƙera firosesa, kuma da yawa daga jerin Cortex-A ba su da shi. A kansu `feenableexcept` tana dawo da -1. Duba abin da ta dawo da shi, kada ka kwanta da zaton akwai mai gadi alhali ƙofa a buɗe take.

Laburaren wasu mutane an rubuta su ne da zaton bakuna a toshe suke. Wasu da gangan suke raba gida sifili su duba amsar daga baya. In tarkonka ya kama su, ba laifinsu ba ne. Kewaye kiran da `feholdexcept` da `fesetenv`. Sannan ka yi hattara da `-ffast-math`: alƙawari ne kake yi wa kwamfaila cewa `NaN` ba zai taɓa bayyana ba, ita kuma tana iya share binciken `isnan` da ka rubuta, tunda kai ka ce ba a buƙatarsa.

Darasin Ariane

Kada mai karatu ya fita daga wannan babi da zaton cewa tsayar da manhaja shi ne daidai a ko'ina. Ranar 4 ga Yuni, 1996, roka ta farko ta Ariane 5 ta tashi daga Kourou a yankin Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na shirin Cluster. Kimanin daƙiƙa 40 da kunna injinta, ta kauce hanya ta tarwatse. Ba Unix ke cikinta ba, kuma da harshen Ada aka rubuta manhajar, amma ciwon irin namu ne. An mayar da wata lamba mai ɗigo mai bit 64 zuwa cikakkiyar lamba mai bit 16, ta ƙi shiga, domin Ariane 5 ta fi Ariane 4 da aka gado manhajar daga gare ta gudu a kwance. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano cewa cikin lambobi bakwai masu haɗari, huɗu aka kare, aka bar uku. Ya kuma gano cewa tsarin da aka shimfiɗa shi ne, in kuskure ya auku, kwamfutar da ke wannan lissafi ta ba da rahoto ta kashe kanta. Takwararta ta ko-ta-kwana ta riga ta mutu da ciwo ɗaya, tunda manhaja ɗaya ce a cikinsu. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi rahoton kuskuren ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗa injina. Lissafin da ya jawo duk wannan kuwa ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa.

Mai tarba ya yi abin da aka ce ya yi. Waɗanda suka ce ya yi hakan ne ba su tambayi kansu ba ko kashe kwamfuta a tsakiyar sama ya fi barin lamba ɗaya ta ɓaci.

Don haka ga abin da nake koya wa ɗalibaina. Cikakkiyar lamba, duba mai rabawa kafin ka raba, sifili da -1 duka. Layi biyu ne, kuma rigakafi ya fi magani. Lamba mai ɗigo, ɗana tarkon ukun nan lokacin gwaji, ka bar manhaja ta faɗi a cikin `gdb` ta nuna maka layin. In ta tafi hannun masu amfani, kwance tarkon, ka duba tutoci a ƙarshen kowane mataki, ka kuma yanke tun yau abin da za a yi in an tarar da ɗaya a tashe. Mai tarba kuwa, bar shi a matsayin mai kai rahoto.

Kafin ka shiga babi na gaba, buɗe kwamfutarka ka rubuta manhaja mai layi goma. Raba 1 gida 0, ka sa `volatile` a kan sifilin don kada kwamfaila ta riga ka. Raba 1.0 gida 0.0. Sannan ka ƙara `feenableexcept(FE_DIVBYZERO)` ka sake gwadawa, ka buga `echo $?` bayan kowanne. Gara ka fara ganin 136 a ɗakinka da ka fara jin ta a bakin shugaban makaranta saura kwana biyu a raba sakamako.